Facin tol a jikin mota: aikin da kalmominsa

Kalmar "faci", wadda Hausa ta aro daga Ingilishi, ta game ayyuka biyu masu sakamako dabam-dabam. Mai gyaran jikin mota yana iya ɗora tol, wato fallen ƙarfe, bisa wurin da tsatsa ta ci. Yana kuma iya yanke wurin ya maye shi da sabo. Wajibi ne mai shirya littafin sana'a domin ɗaliban yaƙi da jahilci ya san wannan bambanci tun kafin ya zaɓi kalma. Za mu bi aikin daki-daki.

1. Tsatsa

Tsatsa tana samuwa in ƙarfe ya gamu da ruwa da iskar oksijan, gishiri kuwa yana ƙara mata sauri. Ƙasarmu busassa ce, amma da yawa daga motocin da ke yawo a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun yi aiki a Turai, inda ake barbaɗa gishiri bisa hanya lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara. Lakar damina da ke maƙalewa ƙarƙashin ƙofofi da kewayen ƙafafu sai ta ƙarasa ɓarnar. Kaurin tol na ƙaramar mota yakan tsaya tsakanin milimita 0,7 da 1, kuma galibi daga ciki tsatsa take somawa. Kafin fenti ya kumbura, ƙarfe ya riga ya ruɓe.

2. Yanka da lanƙwasa

Da farko ana kankare fenti, a yanke ruɓaɓɓen wuri har a isa ga lafiyayyen ƙarfe mai haske. Sannan a aza kwali bisa ramin, a zana siffarsa, a fitar da ita a kan tol mai kauri ɗaya da na motar. Ana lanƙwasa shi da guduma, ana tokara dunƙulen ƙarfe ta baya, wanda ke tsayawa madadin uwar maƙera. Tol mai rufin tutiya, irin na rufin ɗaki, abin gudu ne: hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi.

3. Walda

Dutsen karbur in ya sha ruwa yana ba da iskar asetilan. Idan aka gama ta da oksijan, zafin harshen wutar yana wuce digiri 3.000, alhali ƙarfe yana narkewa wajen 1.500. Injiniyoyin Faransa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, su suka ƙera bututun wannan walda a 1903. Waldar lantarki ta tsinke takan huda tol mai laushi. Ta waya, wadda ake kira MIG, da ta fito a 1948, ta fi dacewa da shi.

Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa in ya huce, shi ya sa dogon layin walda ke karkata tol. Gwani yakan ɗiga walda nan da can, tsakani kamar santimita 2 ko 3, ya bar ta ta huce, ya daddaka ta da guduma, sannan ya cike giɓin kaɗan-kaɗan. Kafin a kunna wuta ana cire batir da shimfiɗar daɓe, a kiyayi tankin mai. A ƙarshe a goge, a shafa fentin tsare tsatsa ciki da waje.

Ga inda ayyukan biyu suka rabu. In an gama bakin sabon tol da na tsoho, baki da baki, sun zama falle ɗaya. In kuwa ɗorawa aka yi, akwai tsaga tsakanin falle biyu inda laima ke kwana, tsatsa ta ci gaba a ɓoye.

4. Kalmomi

Kalmomin sana'ar sun fito daga tushe uku. Guduma, magagari, awartaki da uwar maƙera gadon ƙira ne. Tol da karbur daga Faransanci suke. Walda, faci da fenti sun shigo daga Ingilishi ta hanyar Najeriya. Aikatau shi ne abin lura: "liƙa" ya dace da danƙo ko dalma, inda abin liƙin kaɗai ke narkewa, amma a walda bakunan ƙarfen da kansu suke narkewa su gauraya. Littafin da ya ce "a liƙa tol bisa ramin" ya koyar da ɗorawa ke nan.

Muna ba da shawarar a rarrabe "facin ɗorawa" da "facin mayewa", a kuma gwada su a garaji kafin a tabbatar da su a rubuce. Batun ya shafi rayuka: a yawancin ƙananan motoci, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa yana cikin abin da ke riƙe da gangar jikin duka, kuma ran haɗari faci bisa tsatsa ba ya tare kome.