Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka ziyarci Agyaragu da tsofaffin garuruwan da ke kewaye da ita

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Lafiya zuwa Makurɗi ya san Agyaragu, ko da bai riƙe sunan ba. Nan ne direba ke rage gudu jim kaɗan bayan an fita daga Lafiya, fasinjoji su leƙo ta taga suna taya doya, a saya a cusa a bayan mota, a ƙara gaba. Iyakar sanin da yawancinmu muka yi wa garin ke nan. Abin yana damuna, domin daga wannan gari, cikin tafiyar da ba ta kai ta yini guda ba, mutum zai iya isa garuruwan da fataken Kano da Katsina suka san hanyarsu tun kafin Bature ya taka ƙasar nan.

Ina ne Agyaragu, kuma su wane ne mutanenta?

Garin yana kudu da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, jihar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Yankin da ke amsa sunan Agyaragu ya ratsa ƙananan hukumomin Lafiya da Obi, shi ya sa za ka ji ana cewa Agyaragun Tofa, ana kuma cewa Agyaragun Tasha. Wannan "Tasha" ta jirgin ƙasa ce. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya nufi Kafanchan ya ratsa nan tun a shekarun 1920, kuma shi ya fara jawo 'yan kasuwa wurin. Jirgi ya daɗe bai zama abin dogaro ba a wannan layi, amma sunan yana nan.

Mutanen Migili, waɗanda Hausawa suka fi sani da Koro, suna da tsohon tushe a yankin, babban sarkinsu kuwa shi ake kira Zhe Migili. Tare da su akwai Eggon da Alago da Tibi da Gwandara da Fulani da Hausawa, Musulmi da Kirista, sau da yawa a unguwa ɗaya. Hausa ce harshen kasuwa, don haka Bahaushe ba zai nemi tafinta ba. Amma kada jin Hausa a bakin kowa ya sa ka ɗauka a ƙasar Hausa kake. Kowace ƙabila tana da harshenta da sarautarta da abin da ba ta so a taka mata.

Kasuwar doya ce wurin farawa

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman doya, wajen kashi biyu cikin uku na abin da duniya ke nomawa, kuma kwarin Binuwai, wanda kudancin Nasarawa ke cikinsa, yana cikin wuraren da suka ɗauki nauyin wannan noma. A Agyaragu ne za ka ga abin da idonka. Manoma na shigo da doya daga ƙauyuka a kan babura da a-kori-kura, a jera ta tsibi-tsibi, dillalai na tsakani, 'yan dako na lodin manyan motocin da za su nufi Kano ko Abuja ko Kudu.

Sari da ƙwarya ake yi, ƙwarya ɗaya kuwa doya ɗari ce. Kuɗin ƙwarya ya danganta da girman doyar da irinta da kuma lokacin shekara. Sabuwar doya kan fara fitowa a tsakiyar damina, wajen Yuli zuwa Agusta, tana da ruwa kuma ba ta jure ajiya. Wadda aka haƙa bayan ɗaukewar ruwa ita ce ke yin sakwara mai danƙo, ita ce kuma matafiyi zai iya kai wa gida ba ta lalace ba. Idan kana son sayen mai yawa, bi ta hannun dillali ka biya la'adarsa. Ya san wace doya ce ta bugu a hanya, kai kuwa sai ta fara ruɓewa a gida za ka sani.

Shawarata ita ce kada ka tsaya a bakin titi kawai. Nemi wanda zai raka ka gona. Sai ka ga yadda ake tara ƙasa da garma, tudu bayan tudu har iya ganinka, kowane tudu da hannu aka ɗaga shi, sannan za ka daina jin cewa doya ta yi tsada. A gonakin nan ne kuma ake noman riɗi da agushi da rogo da shinkafa.

Keana da Awe: inda gishiri ya gina gari

Idan ranar ziyara ɗaya ce gare ka, Keana ya kamata ka ba ta. Tsohon garin Alago ne, sarkinsa ana kiransa Osana, kuma tarihin baka na Alago yana danganta asalinsu da daular Kwararrafa. Abin da ya ɗaukaka garin shi ne ruwan gishirin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa.

Aikin na mata ne, kuma gado ne daga uwa zuwa 'ya. Sukan ɗebo ruwan gishirin su yayyafa a kan ƙasar da aka shimfiɗa, rana ta busar da ita gishirin ya kama. Sai a tattara ƙasar a zuba a tukwane masu huji a gindi, a ƙara mata ruwan, abin da ya tsiyayo a ɗora a wuta har ruwan ya ƙone, farin gishiri ya rage. Aiki ne mai cin itace da ƙarfin jiki, kuma da rani ake yin sa, domin ruwan sama na tsinka ruwan gishirin ya kuma hana shanya. Wanda ya je a watan Agusta yana neman ganin dafa gishiri zai dawo da takaici.

Haka abin yake a Awe da Azara, can gabas. Kafin gishirin Turawa ya cika kasuwanni, na wannan kwari ne ke ciyar da yanki mai faɗi, kuma shi ya jawo fataken Hausawa har wasu suka yi zamansu. Shi ya sa za ka tarar da tsofaffin gidajen Hausawa a Awe waɗanda ba jiya suka zo ba. Mu da muka taso muna jin labarin ayarin gishirin Bilma, da yawanmu ba mu san akwai wata hanyar gishiri da ta bi kudu ba. Keana tana da bikin gishiri da ake kira Oyarore. Yau sana'ar tana ja da baya, gishirin kanti ya fi arha, 'yan mata kuma ba su cika son gadon wahalar ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa da wuri.

Doma da Lafiya

Doma, wadda ba ta da nisa daga Lafiya, 'yar'uwar Keana ce a tarihin Alago. Sarkinta shi ne Andoma, bikinta na gargajiya Odu, kuma akwai madatsar ruwa a kusa da garin.

Lafiya kuwa tarihinta daban. Barebari ne suka kafa ta ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa tsofaffi ke ce mata Lafiyar Barebari. A zamanin Daular Usmaniyya tana bin Bauci, alhali garuruwan Keffi da Nasarawa suna bin Zazzau. Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai ya yi mulki daga 1974 zuwa 2019, sai Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya gaje shi. Wanda ya taso daga Abuja kuma zai ratsa Keffi, garin Magaji Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Bature Kyaftin Moloney a 1902 ya tafi Kano wurin Sarki Alu, abin da Turawa suka riƙe cikin hujjojinsu na cin Kano a 1903. Dutsen da ake kira da sunan Moloney yana nan a garin.

Duwatsu da ruwa

Arewa da Lafiya, a hanyar Akwanga, duwatsun Eggon ne za su cika maka ido. Gaba kuma, a ƙaramar hukumar Wamba, akwai Farin Ruwa, ruwan da ke zubowa daga tsaunukan Filato daga tsayin da ya kai wajen mita 150. Wannan tafiya ce ta daban, kada ka haɗa ta da ta Keana a rana ɗaya.

Wane lokaci ya fi?

Nan ne dole mutum ya zaɓa. Damina a wannan yanki doguwa ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ƙasa kore shar, Farin Ruwa ya cika ya batse, amma hanyoyin ƙauye kan zama taɓo. Nuwamba zuwa Janairu ya fi wa baƙo sauƙi: hanya ta bushe, doya ta cika kasuwa, zafi da sauƙi. Daga Fabrairu zuwa Maris zafin kwarin Binuwai ba na wasa ba ne, sai dai aikin gishiri na tafiya sosai. Babbar hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi yanzu tagwaye ce, akwai kuma shingayen biyan kuɗin hanya, sai ka tanadi canji. Masauki kuwa a Lafiya ya fi samuwa: ka kwana can, ka fita da sassafe, ka dawo kafin magariba.

Maganar tsaro

Ba zan ɓoye wannan ba. A watan Nuwamba na 2012 an kai wa Agyaragu hari, aka rasa rayuka aka ƙona gidaje, a zamanin rikicin ƙungiyar Ombatse, wanda ya kai ga kisan jami'an tsaro da dama a Alakyo a watan Mayu na 2013. Ƙananan hukumomin Doma da Keana da Awe da Obi kuma sun sha fama da rikicin manoma da makiyaya, musamman a ƙauyukan kan iyaka da Binuwai. Mutane suna noma suna cin kasuwa kullum, amma yanayi kan canza daga mako zuwa mako. Kafin ka kama hanyar ƙauye, tambayi direbobin tasha da wani ɗan gari da ka yarda da shi, kada kuma ka yi tafiyar dare. Ka guji tayar da zancen ƙabila ko na tsohon rikici da mutumin da ba ka sani ba, wataƙila ya binne wani nasa a cikinsa.

Yadda ake shiga garin mutane

A Keana ko Doma, fara da fada ko gidan mai unguwa. Ka yi gaisuwa, ka ce "ranka ya daɗe", ka faɗi abin da ya kawo ka, sai a haɗa ka da wanda zai zaga da kai. Akwai wuraren al'ada da ba a barin baƙo ya shiga, idan an ce ka tsaya sai ka tsaya. A wurin gishiri, "sannu da aiki, Mama" ya kamata ya riga fito da waya, kuma kada ka ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Sannan ka sayi gishirin a kan kuɗin da aka faɗa. Matar da ta wuni a bakin wuta ba ita ce ya dace a matse wa ciniki ba.

Abin da ya rage a yi

A Italiya, tun 1985 aka yi dokar da ta ba manomi damar saukar da baƙi a gonarsa ya ciyar da su daga abin da ya noma. Ƙauyukan yankin Tuskani da matasa ke gudu a da sun sami sabuwar hanyar samu, har UNESCO ta sa kwarin Orcia cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, saboda kyan gonakinsa da tsofaffin garuruwansa. Mu ma muna da Sukur ta Jihar Adamawa a wannan jeri tun 1999. Ba na cewa Keana za ta zama Tuskani gobe. Amma abin da baƙo ke buƙata a nan ba shi da yawa: hanya mai kyau zuwa wurin gishiri, rumfa da banɗaki, allon da ke bayanin tarihin wurin, da matasan gari da aka koya wa raka baƙi su sami abin kansu.

Ina kira ga gwamnatin Jihar Nasarawa da masarautun Keana da Doma da Awe su fara da rubuta ilimin tsofaffin matan gishiri tun suna raye. Jami'ar Tarayya ta Lafiya tana kusa, tana da ɗaliban da za su iya wannan aiki. Kai kuma mai karatu, in hanya ta sake biyo da kai Agyaragu, ka sauka daga mota, ka ware kwana biyu ka shiga ciki.