An Sabunta Manhaja, Amma Tsohuwar Ce Ke Aiki: Yadda Ake Gano Matsalar

Kafin a ƙirƙiro hotunan da ake latsawa a fuskar kwamfuta, da rubutu ake ba na'urar umarni. Har yau masana kimiyya ba su bar wannan hanya ba, musamman masu nazarin ƙwayoyin gado, waɗanda kan tace miliyoyin haruffan DNA da layi ɗaya ko biyu na umarni. Manhajar da ke karɓar rubutun ta isar wa na'ura ita ake kira shel, ma'ana ɓawo, domin ta lulluɓe cikin tsarin kwamfutar kamar yadda ɓawo ke lulluɓe ƙwayar gyaɗa. Aikinta na tafinta ne. Wadda ta fi shahara ita ce Bash, wadda Brian Fox ya fitar a Amurka a shekarar 1989, kuma Chet Ramey ya ci gaba da kula da ita.

Lokaci zuwa lokaci akan sabunta wannan tafinta. Sai dai sau da yawa kwamfuta kan nuna cewa an kammala, alhali kuwa tsohuwar ce ke ci gaba da aiki.

Darasin Shekarar 2014

A watan Satumba na 2014, wani masani mai suna Stéphane Chazelas ya gano wani rauni a cikin Bash wanda ya ba ɓarayin intanet damar aika umarni ga kwamfutar da ba tasu ba. An laƙaba wa raunin suna Shellshock, kuma bincike ya nuna cewa tun 1989 yake kwance a ciki, shekara 25 ke nan. An sanar da duniya a ranar 24 ga watan, tare da fitar da gyara. Ba da jimawa ba Tavis Ormandy na kamfanin Google ya nuna cewa gyaran bai toshe kafar gaba ɗaya ba, sai da aka sake fitar da wasu. Duk wanda ya sabunta sau ɗaya ya kwanta, to ya bar ƙofarsa a buɗe. Waɗanda suka sake gwada na'urorinsu su ne suka gane haka.

Matakan Bincike

Hanyar gano matsalar ita ce wadda ɗalibi ya sani a ɗakin gwaje-gwaje: a lura, a yi hasashe, sannan a gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Mataki na farko shi ne a tambayi tafintar da kanta. Umarnin echo $BASH_VERSION yana faɗar lambar wadda ke aiki a tagar da aka buɗe, shi kuwa bash --version yana faɗar wadda za ta tashi in an kira sabuwa. Idan lambobin sun bambanta, mai yiwuwa tsohuwar ce ta rage a ƙwaƙwalwar na'ura, domin manhajar da ta riga ta tashi ba ta sauyawa don an sauya fayil ɗinta. Sai a buɗe sabuwar taga a sake dubawa.

Mataki na biyu shi ne a duba ko kwafi biyu ne a cikin na'urar. Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutocin Apple. Kamfanin ya tsaya a kan Bash 3.2 ta shekarar 2006 saboda sauyin sharuɗɗan lasisi a waɗanda suka biyo baya, kuma a 2019 ya mai da zsh tafintarsa ta asali. Mai bincike kan sanya sabuwar Bash ta hanyar Homebrew, amma ba ta goge tsohuwar da ke /bin/bash, a wani wuri dabam take zama. Kwamfuta tana bin wani jerin wurare mai suna PATH daga farko zuwa ƙarshe, kuma kwafin da ta fara tararwa shi take ɗauka. Umarnin type -a bash yana lissafa dukkan kwafin bi da bi. In tsohuwar ce a sama, sai a gyara jerin, a kuma rubuta hash -r domin tafintar ta manta da tsohon wurin.

Mataki na uku ya shafi tafintar da ke tarbar mutum idan ya shiga na'ura. Dole a rubuta adireshin sabuwar a fayil ɗin /etc/shells, sannan a zaɓe ta da umarnin chsh -s.

Mataki na huɗu shi ne a tabbatar sanyawar ta kai ƙarshe. Ɗaukewar wutar lantarki ko cikar ma'ajiya kan katse aikin a tsakiya. Umarnin df -h yana nuna sauran fili, kuma a tsarin Debian da Ubuntu, sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da ya tsaya.

Gargaɗi

Kada a goge tsohuwar tafinta, domin wasu sassan na'ura sun dogara da ita. Haka kuma kada a rufe tagar da ke aiki sai an tabbatar sabuwa tana buɗewa. Wanda ya yi kuskure a adireshin, ya kuma rufe komai, yana iya hana kansa shiga kwamfutar.

Kammalawa

Malamin da ke koyar da kwamfuta zai taimaki ɗalibansa ƙwarai idan ya saba musu da rubuta lambar manhaja kafin sabuntawa da kuma bayanta, kamar yadda ake auna tsiro kafin gwaji da bayansa. Saƙon "an kammala" labari ne kawai na'ura ta bayar, Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.