Filin Manoma: Irin Tayar Da Ta Dace Da Hanyoyin Ƙasar Rimin Gado

Wanda ya tashi daga Kano ya bi hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza, zai isa Rimin Gado bayan tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, ƙafar motarsa ba ta sauka daga kan kwalta ba. To, amma gonaki ba a kan kwalta su ke ba. Da an ratse za a shiga ƙauyukan da ke bayan Gulu, ko Dugurawa, ko Butu-Butu, sai hanya ta koma burji, burji kuma ya koma burtali, gona dama gona hagu, ba inda mota za ta kauce.

A da jaki ne ya ke wannan aiki. Shi ke kai itace birni, ya komo da taki a mangala, kuma bai san wata aba wai ita kafewa ba. Yanzu kuwa buhunan takin zamani, da masara, da dawa, da tumatirin fadama, duk a bayan a-kori-kura su ke tafiya. Masu hali, da 'yan kasuwar da ke bin ƙauyuka suna sayen hatsi su kai Dawanau, da malaman gona, sun fi son mota mai ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da tsohuwar Land Rover. Abin mamaki, mutum ya kan zuba dukiya mai yawa ya sayi irin wannan mota, in an zo kan taya sai ya ce wa direba, je ka Ƙofar Ruwa ka samo mai sauƙin kuɗi. Ran da aka kwana ana ruwa cikin watan Agusta, sai a iske motar ta nutse har ciki, ƙafafu huɗu suna juyawa a banza, taki na jiƙewa a baya, masara kuwa tana can ta yi ɗorawa tana jiransa.

Dalili shi ne, komai ƙarfin inji, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya ɗan wuri ne wanda bai fi tafin hannun ƙato da yawa ba. In wurin nan bai kama ƙasa ba, ƙarfin ya tafi a iska.

Tayoyin irin waɗannan motoci kashi uku ne, kuma galibi ana rubuta alamarsu a gefen taya. Akwai mai alamar HT, ta kwalta ce, zanenta ƙanana ne a matse. Ba ta ƙara, ba ta shan mai, amma da ta shiga taɓo sai laka ta cike zanen, ta zama sumul kamar gindin ƙwarya. Akwai mai alamar MT, ta taɓo ce, haƙoranta manya ne da rata mai faɗi a tsakaninsu, don in tana juyawa ta riƙa watsar da lakar da ta kwasa. Sa'an nan akwai ta tsakiya, mai alamar AT, wadda aka yi domin ta bi kwalta ta kuma bi daji. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da tasa a 1976, ta yi suna, yanzu kusan kowane kamfanin taya yana da irinta.

Samarin direbobi sun fi sha'awar mai manyan haƙora, don tana ba mota kwarjini a tasha. Amma a dubi ƙasar tukuna. Yawancin ƙasar Rimin Gado jigawa ce, rairayi a sama, ruwa ba ya daɗewa a kai. Taɓo na gaske yana fadamu ne da bakin rafukan da ke gangarawa zuwa kogin Challawa, shi ma daga Yuli zuwa Satumba. Sauran watannin shekara abin da ke gaban mota rairayi ne, da tsakuwa, da gargada, da kwaltar zuwa birni. A cikin rairayi kuwa manyan haƙora tona su ke yi, in direba ya matsa wuta sai motar ta haƙa wa kanta rami ta zauna. A kan kwalta kuma ta na gurnani, ta na saurin suɗewa, birki ba ya kama ta sosai in hanya ta jiƙe, ga ƙarin shan mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan na ƙarshe ba abin rainawa ba ne. Saboda haka ga manomi ko ɗan kasuwa wanda motarsa ke kai da kawowa tsakanin ƙauye da Kano, mai alamar AT ita ta fi dacewa. Mai alamar MT sai wanda sana'arsa ta tilasta masa shiga fadama da tsakiyar damina, kamar mai ɗibar yashi ko mai noman shinkafa a kwari.

Akwai tsohuwar gardama tsakanin direbobi game da faɗin taya. Tsofaffin da su ka tuƙa Land Rover suna yabon siririya mai tsawo, watau 7.50 R16, don ta na yanka taɓo marar zurfi ta sami ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. Masu sabuwar Hilux kuma suna yabon mai faɗi, don ta na bin saman rairayi. Kowa da gaskiyarsa. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗaura wa mota tayar da ta fi wadda kamfani ya ƙayyade mata girma sosai. Ta kan gogi jikin mota in an sha kwana ko an yi lodi, ta rage wa inji ƙarfin ja, agogon gudu kuma ya riƙa faɗin ƙarya. Girman da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, da kuma littafin motar.

Karatun gefen taya

Akawu ko ɗan makaranta zai iya taimaka wa mai saye da wannan, ba wuya gare shi ba. A ɗauki taya mai rubutu 265/65 R17 112S. Lamba ta fari faɗin taya ce, milimita 265. Ta biyu tsayin gefenta ne, watau kashi 65 cikin 100 na faɗin. Harafin R yana nuna irin saƙar cikinta, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, 17 kuwa girman wili ne da inci. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne, S kilomita 180 ke nan a sa'a, abin da ba ya damun mai bin burtali.

Wadda ta fi shafar manomi ita ce 112 ɗin nan, don ita ce lambar nauyi. Taya mai 110 ta na ɗaukar kilo 1,060, mai 112 kilo 1,120, mai 116 kilo 1,250, mai 120 kuma kilo 1,400, muddin an ba ta iskar da ta kamata. To, a yi lissafi. Tayoyin baya guda biyu masu 112 iyakarsu kilo 2,240. Buhun masara cikakke wajen kilo 100 ne. In an jibga buhu 20, kilo 2,000 ke nan, galibinsa a kan ƙafafun baya, ba a sa nauyin motar kanta ba, ba a sa fasinjojin da ke zaune a kan buhunan ba. Ita kuwa a-kori-kura irin Hilux an yi ta ne don kaya kamar tan ɗaya, har da direba. Wanda ya ninka wannan, tayarsa ta fashe a hanyar Gwarzo da zafin watan Afrilu, kada ya ce mai shago ya cuce shi.

Mai ɗaukar kaya ya nemi tayar da aka rubuta wa LT, ko wadda ke da harafin C bayan lambar wili, kamar 205 R16C. Waɗannan jikinsu ya fi kauri, za a kuma ga an rubuta 6PR, ko 8PR, ko 10PR, gwargwadon ƙarfinsu. Kaurin nan yana da wani amfani wanda mutumin birni bai sani ba. Bayan girbi, sa'ad da a ke shiga gona da mota a kwashi dami, tushiyar dawa da ta masara da aka sare a karkace ta na tsaye kamar tsinin mashi. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a gefen hanya. Hujin da ya sami tsakiyar taya mai faci zai toshe shi, a ci gaba da tafiya. Wanda ya sami gefe kuwa, tayar ta tashi aiki, ko da mai faci ya rantse zai ɗinke ta, domin gefen taya ne ke lanƙwashewa a kowane juyi, faci ba ya zama a wurin. Dabarar da ta fi ita ce a share wa mota hanya da fartanya zuwa inda aka tara dami.

Batun tsohuwar taya

A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antun taya biyu a Nijeriya, ta Michelin a Fatakwal da ta Dunlop a Ikeja. Ta Michelin ta rufe a 2007, ta Dunlop ta daina aiki a 2008. Daga nan kasuwa ta cika da tayoyin waje, masu kyau da marasa kyau, har da tsofaffin da a ke kira 'yan Beljiyam, ko da ya ke tsohuwar taya ta na cikin jerin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su. Hukumar kula da ingancin kaya, watau SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa waɗansu cikin waɗansu don a rage kuɗin fito. Irin wannan cushe ya kan lanƙwasa wayar bakin taya, a ido sabuwa ce, amma ta riga ta nakasa.

Taya ta na tsufa ko ba a hau ta ba, robarta ta bushe ta yi tsaga, zafin rana kuma yana gaggauta wannan. Shekarunta suna rubuce. A nemi inda aka sa DOT, a bi rubutun har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyu na fari mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In an ga 2321, an yi ta cikin mako na 23 na shekarar 2021 ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe ta na gargaɗin cewa taya ta gama aiki bayan shekara 4 da yin ta. Michelin kuwa cewa ya yi a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara in ta kai 5, a jefar da ita in ta kai 10 komai kyawun zanenta. Ga ƙasa mai zafi irin Kano, wanda ya karkata wajen ƙaramin adadin bai yi asara ba. In an ga an kankare lambobin nan, ko an goge su, a bar tayar a inda aka gan ta.

Cikin 'yan Beljiyam akwai wata mai ruɗin mutane. Zanenta da zurfi, ga kyan gani, a kan ce wa baƙauye ta daji ce. Alhali kuwa ta hunturun Turai ce, an yi ta domin ƙanƙara. Ana gane ta da laushin roba, da ƙananan tsage-tsage birjik a kan kowane haƙori kamar an yi su da reza. Kwaltar Kano da bazara cinye ta ta ke yi nan da nan. Haka kuma akwai masu ɗaukar suɗaɗɗiya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi. A sa yatsa cikin zanen, in ba a ji 'yan tudun nan da kamfani ke bari a ciki ba, akwai magana. Tudun nan tsayinsu milimita 1.6 ne, su ke nuna taya ta ƙare in zane ya yi daidai da su. Tayar daji kuwa tun kafin ta kai nan ta daina kama taɓo.

Mota mai ja da ƙafa huɗu tana son tayoyinta duka su zama iri ɗaya, girma ɗaya, suɗewarsu kusan ɗaya, har da safaya. A galibin a-kori-kura, in an sa giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzileri, ƙafafun gaba da na baya a ɗaure su ke, tilas su juya tare. In tayoyin gaba sun fi na baya tsawo, ɗaya na ja ɗaya na turjewa, wahalar kuwa a kan akwatin giya ta ke ƙarewa, kuɗin gyaransa ya fi na taya nesa ba kusa ba. Don haka ne ma a ke cire giyar nan da an hau kwalta.

Saura iska. Yawancin masu faci bugu su ke yi har taya ta yi tauri kamar dutse, su ƙwanƙwasa da sifana su ce ta yi. Geji ɗan ƙarami na aljihu ya fi kunnen kowa gaskiya. A auna da safe kafin mota ta motsa, a bi adadin da ke jikin ƙofa, akwai na mota wofi akwai na mai kaya. In an yi tafiya taya ta yi zafi, iska za ta hau da kamar fam 4, kada a sace ta, da kanta za ta sauka. A rairayi mai zurfi kuwa, mota marar nauyin kaya in an rage mata iska zuwa fam 18 ko 20, tayar ta kan shimfiɗu ta hau saman yashi, sau da yawa motar da ta kafe ta fita ba tare da an tura ba. Amma a tafi sannu, kada a sha kwana da ƙarfi don kada taya ta fita daga wili, kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta, in ba haka ba gefen taya ya yi zafi ya fashe. Wannan ya sa famfo ya ke da muhimmanci a cikin mota kamar jak.

Akwai kuma abin da ke tsakanin mai mota da maƙwabta. Direban da bai amince da tayarsa ba, in ya ga kududdufi a burtali, ratsewa ya ke yi ta cikin gonar wani, ya tattake kunya biyu ko uku na gyaɗa, na bayansa ma ya bi sawunsa, kafin kaka an buɗe sabuwar hanya a gonar talaka. Irin wannan ƙara ta kan kai gaban mai unguwa ko dagaci. Kafin a shiga ruwa, yaron mota ya sauka da sanda ya auna zurfinsa, ya ji ko ƙasan da tauri. In da tauri, a sa giyar taimako tun daga tudu, a shiga da giya ta biyu, a riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi har a fita. In kuwa sanda ta lume, a sauke buhunan a kira mai amalanken shanu ya ƙarasa da su.