Yadda Ake Gina Ɗan Ɗaki a Gona Mai Nisa

Jama'a, gonakin kusa da gari sun yi kaɗan. Mutane sun ƙaru, an raba gado, gidaje sun cinye wasu filayen. Saboda haka manoma da yawa sai sun nausa daji kafin su sami wurin noma.

To, bari mu yi lissafi. Mutum yakan yi tafiyar kilomita 5 a cikin awa ɗaya. Idan gonarka tana da nisan kilomita 10, za ka yi awa 2 zuwa, awa 2 dawowa. Kullum awa 4 ke nan sun tafi a hanya. A kwana 6 ka yi asarar awa 24. Ga gajiya, ga kuma biri da tsuntsaye da ɓarayi suna ɓarna idan ba ka nan.

Maganin wannan shi ne ɗan ɗaki a gona. Ba lantarki a can, ba famfo, amma ana iya zama lafiya idan an yi ginin da tsari. Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko har ƙarshe: ruwan da ke raya shuka, shi ne ke rushe ginin ƙasa. Duk abin da za ka yi, ka yi shi da tunanin damina.

Kafin ka sa hannu

Da farko ka tabbatar da filin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe fili a karkara. Je ka nemi taka. Ka sanar da mai unguwa da dagaci, ka kira maƙwabtan gona su ga iyaka. Idan aro ko haya aka ba ka gonar, kada ka yi gini sai mai ita ya yarda a gaban shaidu, an kuma rubuta. Yanzu da ka iya karatu, karanta takardar da kanka kafin ka sa hannu.

Na biyu, ka duba zaman lafiyar wurin. Idan daji ne da 'yan bindiga ke yawo, kada ka kwana, kada ka kai iyali. Rai ya fi hatsi. Ko a inda ake zaune lafiya, ya fi kyau manoma uku ko huɗu su yi ɗakunansu kusa da juna, yadda in an yi kira za a ji.

Zaɓen wuri

Nemi tudu. Kada ka yi gini a kwari, ko a fadama, ko a bakin rafi. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun rushe gidaje masu yawa a Nijeriya, kuma ginin ƙasa da ke hanyar ruwa shi ne farkon faɗuwa. Da rani ko'ina a bushe yake, don haka ido zai iya ruɗinka. Tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke bi a watan Agusta.

Kada ka tare burtali, domin hanyar shanu ce, tare ta kuwa neman rigima ne. Ka nisanci suri, saboda gara. Kada kuma ka yi gini a gindin babban itace, don reshe na iya karyewa da iska, saiwa kuma tana tsaga bango.

Lokacin gini da kayan aiki

A fara bayan an gama kaka, a gama kafin ruwan farko. Daga Disamba zuwa Maris rana tana busar da tubali sosai, mutane kuma sun sami sarari.

Ba kowace ƙasa ce ke yin gini ba. Ga yadda ake gwadawa. Jiƙa ƙasar, ka dunƙula kamar ƙwallon fura, ka shanya a rana. In ta bushe ta tsattsage, yumɓu ya yi yawa, sai ka ƙara yashi. In ka matsa ta marmashe, yashi ya yi yawa, sai ka nemi jar ƙasa ka ƙara. In ta yi tauri ba tsaga, ka dace.

Kwaɓa ƙasar da yankakkiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa sosai, a bar ta ta kwana biyu ko uku tana tsima. Ciyawa ita ke hana tsagewa. Daga nan a yi tubali, a bar shi kamar mako 2 ya bushe har ciki. Tubalin da bai bushe ba, shi ke sa bango ya zauna ya karkace.

Harsashi da bango

Kada ka yi ɗakin ya fi ƙarfinka. Ƙafa 10 a faɗi, ƙafa 12 a tsawo ya ishi shimfiɗa da kayan aiki da 'yan buhuna.

Haƙa harsashi har ka wuce ƙasa mai taushi ka tarar da mai tauri. Ko yaya dai zurfin ya kai gwiwa. In akwai duwatsu ko marmara kusa, jera su a ciki, ka ɗaga su kamar ƙafa ɗaya sama da ƙasa kafin ka fara ɗora tubali. Gindin bango shi ne wurin da ruwa ke fara ci. Hausawa sun ce, tun ran gini tun ran zane. Abin da ka tsallake a harsashi ba ya gyaruwa daga baya.

Gindin bango ya fi samansa kauri. Kada a yi gaggawa. A ɗora sahu biyu ko uku, a bari su sha iska, kashegari a ci gaba.

A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa. Shi ya sa magabata ke juya ƙofa ta kalli yamma. Bangon gabas kuwa a yi masa yaɓe mai kauri. Wanda ke da ɗorawa a kusa, ya jiƙa ɓawon 'ya'yanta ya yi makuba, ya haɗa a yaɓen. Makuba tana sa ruwa ya zame daga bango.

A bar ƙananan tagogi biyu, ɗaya tana kallon ɗaya, domin iska ta ratsa. A cika cikin ɗakin da ƙasa har ya fi waje tudu, sannan a yi daɓe. A ɗaga dokin ƙofa, a sa ƙyaure mai rufewa ruf.

Rufi

Rufi iri uku ne, kowanne da amfaninsa da wahalarsa.

Jinka ta fi araha, ta fi sanyi, kayanta kuma suna nan a daji. Ta fi dacewa da zagayayyen ɗaki. A yi tsaikon da tsini sosai don ruwa ya gangara da sauri, bakin ciyawar kuma ya zarce bango. Aibinta wuta, sannan tana son sabuwar baibaya bayan 'yan shekaru. Ranar ɗorawa ka kira gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rufin soro ana yin sa da azara. Azarar giginya ta fi kowacce, don gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da madogara ba. Wannan aikin magini ne. A sa indararo mai tsawo, wanda zai zubar da ruwa nesa da gindin bango.

Kwano ya fi tsada, ga zafi da rana, amma yana daɗewa. A ɗaure katakon da waya a cikin bango, don iska kada ta yaye rufin. Shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa yana rage zafi.

Ko wane rufi ka zaɓa, haƙa 'yar magudana kewaye da ɗakin, ta kai ruwa can gangare.

Ruwan sha da bayan gida

Mai rufin kwano ya sami rijiya a sama. Rufin ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12, in aka yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, yana iya cika duro mai lita 200. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye tukuna. A rufe duron, don sauro kada ya hayayyafa a ciki.

Ruwan kududdufi da na rafi a tace shi, a tafasa. A shekarar 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, amma kwalara da gudawa suna nan.

A haƙa masai a gangare, ba sama da rijiya ba. Tsakaninsa da rijiya ya kai mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum.

Haske, wuta da maciji

Yanzu akwai fitila mai aiki da hasken rana, wadda ake kira sola. Tana ba da haske da dare, wata ma tana cajin waya. Ba ta son kananzir, ba ta tayar da gobara. A riƙa goge ƙurar faifanta.

A yi murhu a waje, nesa da jinka. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, amma tana kashe mai barci. A share ciyawa kewaye da ɗakin kamar taku 10, saboda wutar daji.

Sharar nan tana korar maciji ma. Ɓera ke bin hatsi, maciji kuma ke bin ɓera, don haka rumbu ya zama daban da wurin kwana. A kwana a kan gado cikin gidan sauro, ba a ƙasa ba. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. A ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji.

Gyara kowace shekara

Ginin ƙasa yana son kulawa. Kafin kowace damina ka zagaya ɗakin. Toshe tsaga, sabunta yaɓe, kankare hanyar gara, yashe magudana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran yini ɗaya a watan Afrilu ya fi sabon gini a watan Agusta.

Idan ka gama karanta wannan, karanta wa maƙwabcin gonarka da bai shiga aji ba tukuna, ku shirya aikin tare. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.