Ina sauran abincin jiragen ruwan yawon shaƙatawa yake zuwa?

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kwatano da Lome sun saba ganin jiragen dakon kaya. Akwai kuma wasu jiragen da mutane ke biya don yawon shaƙatawa kawai. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Gari guda ke nan, ana ci dare da rana. To, sauran abincin fa?

Yarjejeniyar MARPOL, wadda aka tsaurara sashenta na shara a 2013, ta yarda a zuba shi cikin teku, amma da sharaɗi. In an niƙa shi har ya wuce ta rariya mai ƙofar milimita 25, sai jirgi ya yi nisan kilomita 5 da rabi daga gaɓa. In ba a niƙa ba, sai kilomita 22. A Bahar Rum da tekun Karibiyan, niƙaƙƙe kaɗai aka yarda, shi ma bayan kilomita 22. Leda da roba kuwa ba a zuba su ko'ina, kuma nan ne ake kama masu laifi: a 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin Carnival tarar dala miliyan 20, fiye da sefa miliyar 10, kan laifuffukan da suka haɗa da zubar da roba gauraye da abinci a ruwan Bahamas.

Mun san abin da ɗan kasuwa zai ce: me ya hana a sauke shi a sayar wa masu kiwo? Tsoron cuta ne. Naman da aka loda a wata ƙasa yana iya ɗauko ciwon dabbobi. A 2001 ciwon baki da kofato ya ɓulla a Birtaniya daga wata gonar da ake ba aladu sauran abincin da ba a dafa ba, har aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6. Shi ya sa a Amurka, in an sauke irin wannan shara, sai an ƙona ta ko an tafasa ta.

Abincin da aka dafa ba a kai shi teburi ba, hukuncinsa daban. Tun 2017 kamfanin Costa ya fara sauke irinsa a tashar Sabona ta Italiya, ana raba wa mabuƙata.