Wayar da ke aljihun direba ta san hanyarsa, ta kuma san gudunsa

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni, don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Wayar da ake gudun a yi tsegumi da ita kuwa, ita kanta tana faɗin inda mai ita yake ko bai buɗe baki ba. Ta yaya?

Hanya biyu ce. Ta farko ƙarfen sabis. Kowace waya, har da ƙarama mai tocila, tana sanar da ƙarfen da ke kusa da ita cewa ga ta nan, domin kira ya same ta. Direban da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, wayarsa na sauya ƙarfe bayan ƙarfe, kamfanin layi kuma yana da wannan bayanin. Tun da aka fara haɗa layuka da lambar NIN a Disambar 2020, wannan sawun yana ɗauke da sunan mutum.

Ta biyu GPS. Taurarin ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 20,200 suna turo saƙon lokaci, wayar ta saurari aƙalla huɗu ta lissafa inda take. Tauraron bai ganin kowa, turowa kawai yake yi. Matsalar tana farawa ne idan wata manhaja ta ɗauki lissafin ta aika wa kamfaninta ta intanet. Gudu kuwa lissafin firamare ne: motar da ta ci mita 500 a daƙiƙa 20 tana gudun kilomita 90 a awa. Da irin wannan Google Maps ke gane cunkoso. A 2020 wani mai fasaha a Berlin ya jawo wayoyi 99 a amalanke, taswirar ta nuna titin ya cushe alhali babu motoci.

Ina bayanan ke ƙarewa? A 2011 aka gano 'yan sandan Holan suna amfani da bayanan gudu da kamfanin TomTom ya sayar wa hukumomi wajen zaɓar inda za su kafa kyamarar kama masu gudu, har kamfanin ya nemi afuwa. A 2024 ta bayyana cewa General Motors a Amurka yana miƙa bayanan tuƙin mutane ga dillalan da ke sayar wa kamfanonin inshora.

Kamfanoni kan ce sun goge sunaye. Sai dai wani bincike na 2013 kan wayoyin mutum miliyan ɗaya da rabi ya nuna wurare huɗu kacal, tare da lokutansu, sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen. Ka duba a ƙauye: motoci nawa ne ke kwana a ƙofar gida ɗaya, su tashi da asuba duk ranar kasuwa zuwa Shinkafi?

A yankin Gobir, inda sanin lokacin fitowar mota kan zama sanadin tare ta, haɗarin da ya fi kusa shi ne wayar ta faɗa hannun da bai dace ba. Idan tarihin tafiye-tafiye na Timeline a kunne yake, wanda ya buɗe ta zai ga gida da tasha da hanyar da aka saba bi. Haka ma wanda ya tura wurinsa kai tsaye a zauren WhatsApp mai mutum ɗari.

Bayanin yana da amfaninsa: da shi ake bin motar da aka sace, da shi iyali ke sanin matafiyi ya sauka lafiya. Abin lura shi ne wa ke gani. Direba ya kulle wayarsa da lambar sirri, ya kashe Timeline ya goge tsohon tarihi, ya bar manhajoji su ga lokeshan sai lokacin da yake amfani da su, ya tura wurinsa ga mutum ɗaya da ya amince da shi, na awannin tafiyar kawai. Idan mai mota ya sa na'urar bin sawu, ya kamata direban ya san su wa ke da lambar shiga. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba kowa damar tambayar kamfani abin da ya tara a kansa, da kai ƙara hukumar NDPC idan aka ƙi saurarensa.