Kafin Ka Sauke Motarka Ƙasa

Salon sauke mota ƙasa, wanda samari ke gani a bidiyoyin TikTok da Instagram, ya fara samun masu sha'awa a garuruwan Arewa. Ana cire sifirin ɗin da kamfani ya sa wa mota, a maye gurbinsa da gajere mai tauri, sai gangar motar ta kusanci ƙasa, taya ta shige cikin mazauninta, motar ta yi kama da ta tsere. Irin sifirin ɗin da kamfanoni kamar Eibach da H&R na Jamus ke yi yakan rage tsawon mota da santimita 3 zuwa 4. A ido abu ne ƙarami, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai dai duk wanda ke zaune a Kusugu ko wata unguwa ta cikin garin Daura, kuma yake tunanin yi wa motarsa wannan aiki, ya kamata ya san cewa waɗannan 'yan santimitoci su ne rarar da motarsa ke rayuwa a kanta.

Ƙananan motocin da suka fi yawa a hannun jama'a, irin su Corolla da Civic da Golf da Peugeot 406, tazarar da ke tsakanin cikinsu da ƙasa ba ta wuce santimita 13 zuwa 16 ba, kuma wannan awo ne na sabuwar mota marar kaya. Yawancin namu 'yan Kwatano ne, sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso, sifirin ɗinsu ya riga ya ɗan saki. A cire santimita 4 daga abin da ya rage, a zuba manya biyar, a ɗora buhun gero a but, sannan a dubi hanyar da motar za ta bi. Lungunan tsohon gari da ke kewaye da rijiyar Kusugu da fadar Sarki an shata su tun ba a san mota ba. Akwai kwalbatin ƙofar gida mai tudu, akwai tudun rage gudu da mutanen unguwa kan yi da kansu ba tare da wani ma'auni ba, akwai kwazazzabon da ruwan Agusta ke bari a gefen kwalta. Da an bar babban titi za a shiga ƙauyukan Sandamu, Baure, Zango ko Mai'adua, rairayi ne da burji, inda tayoyin manyan motoci ke haƙa layi biyu su bar tudu a tsakiya. Abin da ke fara cin karo da wannan tudu shi ne salansa da kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Salansa idan ta fashe, ƙara ce da kuɗin walda. Kaskon mai kuwa idan ya tsage, man zai tsiyaye a hanya direba bai sani ba, cikin 'yan mintoci inji ya buga.

Wannan ita ce ɓarnar da ido ke gani. Wadda ta fi ta haɗari tana cikin ƙafar motar. Sifirin da shokozoba tare aka auna su: sifirin ya ɗauki nauyi, shokozoba ta hana motar yin ta tsalle bayan ta faɗa rami. Idan aka gajarta sifirin aka bar shokozobar kamfani, za ta zauna a matse tun motar na tsaye, hanyar da za ta yi sama da ƙasa ta ragu. Ramin da a da take shanyewa, yanzu ƙafar za ta kai ƙarshe ta daki robar tsayawa, dukan ya wuce kai tsaye cikin gangar mota. A wannan ɗan lokaci taya kan yi tsalle ta rabu da kwalta, kuma tayar da ba ta taka ƙasa ba, birki ba ya kama ta, sitiyari ba ya juya ta. Ga kuma karkacewar taya: saman ta yakan kwanta ciki, sai gefen ciki ya cinye alhali na waje yana nan kamar sabo. Mai mota ya leƙa daga waje ya ga taya lafiya, waya kuwa ta kusa fitowa ta ciki, a ƙasar da zafin kwalta a watan Afrilu ke fasa ko da tayar kirki. Shaf da boljoyin da buushi su ma duk sun koma aiki a karkace, rayuwarsu ta gajarta. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano sayen kayan gyara ya san abin da wannan ke nufi ga aljihu.

Duk wannan bayani a kan sifirin na gaske ne, wanda injiniyoyi suka auna. Abin da ya fi yiwuwa a garejin bakin titi ya fi haka muni, domin saitin sifirin daga waje yana da tsada, sai a ce wa yaro ai ba sai ya saya ba, za a yanke masa zagaye ɗaya ko biyu daga nasa, ko a gasa shi da wutar walda har ya zauna. Ƙarfen sifirin dafa shi aka yi a ma'aikata da zafi na musamman domin ya riƙa lanƙwasa yana dawowa. Wutar walda tana kashe wannan dahuwa, ƙarfen ya yi laushi a wani wuri, ya yi gautsi a wani, wata rana ya karye ba sallama. Wanda aka yanke kuma ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma da yake ya gajarta, idan motar ta yi sama a kan tudu yana iya zamewa ya fita. Karyayyen sifirin a gaba yana iya huda taya. A yi tunanin haka a kan hanyar Daura zuwa Kazaure, mota na gudun kilomita 100 a awa. Bakaniken da ya yarda ya yi wannan aiki, ko jahilci ne ko son kuɗi, bai kamata a sake ba shi mota ba.

Masu son salon suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mota idan ta yi ƙasa ta fi zama a kwana, ba ta tangaɗi. Gaskiya ne, shi ya sa motocin tsere ke manne da ƙasa. Amma a duba girman ribar. Cibiyar nauyin ƙaramar mota tana wajen rabin mita daga ƙasa, rage santimita 3 daga ciki bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ba a cin wannan riba sai a kan titi mai sumul inda taya ba ta barin kwalta. A hanya mai gargada lissafin juyewa yake yi, ƙafa mai laushi da doguwar tafiya ita ke riƙe taya a ƙasa. Dattawan direbobi sun san wannan tun zamanin Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Abin da ya sa ta mamaye tashoshin mota daga Daura har Damagaram shi ne ƙafarta mai shanye rami, kuma a 1975 ɗin ne 504 ta lashe gasar Safari ta Kenya, tseren da ake yi a cikin laka da ƙura. Har yau direbobin haya masu zirga-zirga zuwa Kongolam ɗaga bayan motarsu suke neman yi, domin su ne suka fi kowa sanin hanyar.

Wasu kuma za su ce ai kamfanoni da kansu suna fitar da samfurin mota mai gajeriyar ƙafa. Haka ne, amma kamfani yakan sauya shokozoba da robar tsayawa da saitin taya gaba ɗaya, ya gwada, sannan ya sayar wa mai bin titin Turai. A Jamus ma, inda ake ƙera waɗannan sifirin, ba a yarda mutum ya sa su ya hau titi ba sai da takardar amincewa ko binciken masu duba lafiyar mota irin su TÜV. Hatta 'yan asalin Meziko na birnin Los Anjalas, waɗanda suka mayar da sauke mota wata al'ada, da jihar Kalifoniya ta kafa doka a kan haka a ƙarshen shekarun 1950, sai suka koma sa na'urar da ke ɗaga motar idan an zo wurin da ke buƙatar tsawo. Gajeren sifirin ba shi da wannan dabara, inda aka ajiye shi nan yake. Batun "motata ce, kuɗina ne" kuwa yana da ƙarfi muddin ɓarnar a kan mai motar za ta tsaya. Motar da ke karkata ta tsallaka tudun rage gudu a kaikaice tana shiga hannun mai babur da ke tahowa, kuma ranar biki ko hawan Sallah irin waɗannan motoci ne ake cikawa da ƙanne da abokai.

Wanda ya ji duk wannan ya ce shi dai sai ya yi, to aƙalla ya sayi sifirin da aka yi wa samfurin motarsa takamaimai, ya haɗa da shokozobar da ta dace da shi, ya sauya duka ƙafafu huɗu, kada ragin ya wuce santimita 3. A kai motar a saita tayoyi nan take, a sake dubawa bayan sifirin ya zauna, a gyara saitin fitilun gaba, a ajiye tsofaffin sifirin domin ranar sayarwa. Mai sayen mota ta hannu kuma ya durƙusa ya leƙa: sifirin da bakinsa ke da sabon yanka ko baƙin ƙuna, cikin mota mai kurje-kurje, da tayar da ta cinye ta ciki, duk dalilai ne na rage farashi ko fasa cinikin.